Uwargida Ta Tafi Wanka Marwa, Ta Bar Ni da Kiret ɗin Ƙwai

Ni dai tun ina yaro ba ma ga maciji da murhu. A gidanmu mata sun yi yawa, ga Inna, ga Gwaggo, ga yayyena uku, don haka ko ruwan shayi ban taɓa ɗorawa ba har na yi aure. Da na yi auren ma ba abin da ya canza. Sai bana, da cikin maiɗakina ya tsufa, iyayenta suka aiko a kai ta Marwa ta haihu a gabansu, ta yi wankan jego a can. Haihuwar fari ce, ba ni da bakin magana. Na kai ta tasha, na dawo ɗakinmu a unguwar Yelwa, nan cikin Garwa, a arewacin Kamaru, na tsaya ina kallon tukwane suna kallona.

Miyar da ta bar mini a firij kwana huɗu ta yi. Daga nan sai gidan abinci da rana, teburin mai shayi da dare. Da aka yi mako biyu na zauna na yi lissafi, ga ragon suna yana jirana, ga kayan barka, ga kuɗin mota, na ga abin ba zai ɓulle ba. Na shiga kasuwa na ɗauko kiret guda, ƙwai 30, ina cewa a raina ai wannan ko yaro ya iya.

Ashe ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ranar farko na buɗe gaz har ƙarshe, na bari mai ya fara hayaƙi, sannan na fasa ƙwai daga can sama don tsoro. Mai ya fantsamo ya ƙona mini bayan hannu, ƙasan ƙwan ya yi baƙi ƙirin, samansa kuwa ɗanye sharaf. Kwana biyu bayan haka na ɗora dafaffe na tafi kallon ƙwallo a waya, ban tuna ba sai da na ji ƙara kamar an fasa tayar keke. Ruwa ya ƙone, ƙwai ya tarwatse, tukunya ta yi baƙi. Na uku shi ya fi ba ni takaici. Na yanka albasa da tumatir, hawaye na zuba, na fasa ƙwai uku lafiyayyu a kai, na huɗun sai ga bara-gurbi. Duka na zubar, na kwana da burodi da ruwan Lipton, warin kuwa sai da ya kwana biyu a hancina.

Washegari da dare na koma wurin dattijon da ke shayi a bakin layinmu. Maimakon in zauna a benci in duƙufa a waya yadda na saba, sai na tsaya a kansa ina kallon hannunsa. Ya lura.

"Yallaɓai, yau lafiya kake tsaye a kaina?"

"Baba, koyo na zo. Ƙwai ya gagare ni."

Ya yi dariya har sai da ya ajiye cokali. Na ba shi labarin ɓarnar da na yi, ya ce, "Wuta ka cika. Ƙwai ba nama ba ne, ɗana. Nama ake bi da wuta, ƙwai lallaɓa shi ake yi." Ya nuna mini rishonsa, harshen wutar ɗan ƙarami, shuɗi, ko rabin abin da nake kunnawa bai kai ba.

Ƙanena da ke karatun sarrafa abinci a Jami'ar Ngawundare shi ya ƙarasa mini bayanin a waya. Farin ƙwai yana fara daskarewa tun zafi bai wuce digiri 62 zuwa 65 ba, gwaiduwa kuma wajen 65 zuwa 70. Ruwa kuwa sai a 100 yake tafasa, man suya ya fi haka nesa ba kusa ba. Ke nan duk zafin da nake antaya masa ya yi masa yawa, shi ya sa yake tauri kamar roba. Na ce masa to a Garwa, da watan Afrilu zafi ke haura 40, ai saura ƙiris ƙwai ya dahu da kansa a kan tebur. Abin da ya faranta mini rai a maganar shi ne, ƙwai ya dace da malalaci irina. Rabin aikinsa kashe wuta ne da rufe murfi, ka je ka yi harkar gabanka.

Dafaffe na fara gyarawa. In jera ƙwai a tukunya, in zuba ruwan sanyi ya sha kansu da kamar yatsa biyu, in kunna wuta. Da zarar ya tafasa sosai sai in kashe, in rufe, in saita waya minti 10 zuwa 12. Ba ruwana da tsayuwa, kuma ko na manta ba abin da zai ƙone tunda wuta a kashe take. Gaz ma ya fi daɗewa. In lokaci ya cika in tsiyaye ruwan zafin, in kamfato na randa in zuba, in bar su su huce kafin in ɓare. Wannan kore-koren zoben da ake gani a jikin gwaiduwa, wanda da nake zaton lalacewa ce, ashe alamar dahuwa ce ta wuce kima: sinadarin ƙarfe na gwaiduwa ne ke haɗuwa da farar wutar da ke cikin farin. Ba ya cutarwa, ɗanɗano kawai yake ragewa. Na kuma lura sabon ƙwai ya fi wuyar ɓarewa, ɓawon yana tafiya da tsoka, wanda ya kwana biyu kuwa sulɓewa yake yi. Ɗan gishiri da yajin ƙuli, shi ke nan an gama karin kumallo.

An ce dafaffen ƙwai yana mako guda a firij, kuma gaskiya ne in firij ɗin yana samun wuta. Mu nan da ake ɗauke ta a yini ba a dawo da ita ba, ban yarda da wannan lissafin ba. Abin da zan ci a ranar shi nake dafawa. Ɗanyen kuma ba na wanke shi sai zan yi amfani da shi, don akwai wata 'yar kariya a jikin ɓawo da ruwa ke tafiya da ita.

Maganar bara-gurbi kuwa, sau ɗaya ta same ni. Yawancin ƙwan gidan gona da muke ci a arewa daga yammacin ƙasar nan ake lodo shi, wajen Bafusam, ya keto doguwar hanya a mota, wani ma ya wuce har Chadi. Ba ka san kwana nawa ya yi kafin ya iso hannunka ba, ga zafi. Gwaggo ce ta tuna mini dabarar da na sha ganin tana yi da ƙwan zabi ina yaro ban kula ba: a saka shi a kwanon ruwa. Wanda ya kwanta a ƙasa sabo ne. Wanda ya tsaya da kai ɗaya ya fara tsufa, a ci shi da wuri. Wanda ya taso sama, a rabu da shi. Dalili shi ne ɓawon ƙwai yana da ƙananan ƙofofi, ruwan ciki yana fita a hankali, iska tana maye gurbinsa. Duk da haka kowane ƙwai sai na fasa shi shi kaɗai a kofi, na duba na shinshina, kafin ya haɗu da 'yan uwansa. Kofi ɗaya ne ƙarin wanke-wanke, na yafe.

Soyayye mai ido kuwa ba shi da wani dogon zance. Mai cokali ɗaya, wuta ƙasa-ƙasa, a zuba ƙwai daga kusa, in gefensa ya fara fari a ɗiga ruwa cokali ɗaya a gefen kasko a rufe. Tururi ne zai dafa saman cikin minti biyu zuwa uku, ba sai an juya ba. Ni ina son gwaiduwa da ɗan laushi, amma yara ƙanana da masu ciki da tsofaffi gara a bari ta daskare sarai, saboda ƙwayar cutar salmonela da kan ɓuya a ƙwan da bai dahu ba.

Wanda ya riƙe ni da gaske shi ne wainar ƙwai da taliya. Baƙin da suka zo daga Kano ko Yola sukan yi mamakin ganin sufageti a cikin ƙwai, a cikin burodi kuma, amma duk wanda ya zauna a Kamaru ya san ta, daga Duwala har Kusiri. Na daɗe ina ci, ban taɓa tunanin zan iya ba. Dattijon nan ya yi ta a gabana sau biyu. Ƙwai biyu a kofi, dafaffiyar taliya cikin hannu ɗaya, albasa, tumatir, ɗan attaruhu, rabin dunƙulen Maggi a murmushe, a kaɗa da cokali mai yatsu. Ya ce in riƙa matse ruwan tumatir da 'ya'yansa kafin in yanka, in ba haka ba wainar za ta yi ruwa ta ƙi haɗuwa. Ya ce kuma kada taliya ta fi ƙarfin ƙwai, don ƙwan ne ke ɗaure ta. A zuba a kasko, a baje, a rage wuta, a ƙyale ta. Wannan ƙyalewar ce ta fi ba ni wuya, hannuna yana ta ƙaiƙayin in taɓa. Sai gefe ya yi ja-ja, saman ya daina rawa, sannan a juya.

Shi da ɗan girgiza kasko yake wurga ta sama ta dawo a kife. Na gwada a gida, rabi ya faɗa kan gaz, rabi a ƙasa, kyanwar maƙwabta ta yi walima. Tun daga ranar faranti nake kifawa a kan kasko, in juye, in sake zurara ta ciki. Minti ɗaya a ɗaya gefen, in kashe wuta, in tsaga bagat, dogon burodin nan, in cusa. In aljihu da ɗan nauyi in ƙara kifin gwangwani, in yi suyar da man da ke cikin gwangwanin. Wannan in ka ci da safe, sai la'asar ka tuna da abinci. Taliyar ma ba kullum nake dafawa ba, ragowar ta dare ce, ita ta fi daɗi ma.

Akwai wata kuma da na faɗa cikinta ba da niyya ba. Wata rana na soya tumatir da albasa da tattasai da nufin yin miya, sai lalaci ya kama ni, na ga dafa shinkafa wani aiki ne. Na yi ramuka uku da cokali a cikin miyar, na fasa ƙwai a kowane, na rufe minti shida a ƙaramar wuta. Na buɗe sai ga abu kamar a hotel. Ƙanena ya ce ai mutanen Tunisiya da maƙwabtansu sun daɗe suna yinta, shakshuka suke ce mata. Ni dai a cikin kaskon na ci abina da burodi, na suɗe tas. Da na gaya wa Gwaggo ta ce mai ci a tukunya ranar aurensa ruwa ake yi. Na ce Gwaggo, nawa auren ai ya wuce, sai dai ko kina shirya mini na biyu. Ita ce dai wadda ta hana mu ƙwai muna yara wai kada mu koyi sata, alhali kowane ɗaya yana ɗauke da kusan giram 6 na abinci mai gina jiki, irin wanda yaro ke buƙata. Ina zargin ƙwan ne bai isa raba wa yara goma ba, aka ɗora wa sata laifi.

A nan na gane ashe ba girkin na tsana ba sosai, wanke-wanke ne. Duk hanyoyin nan tukunya ɗaya ce ko kasko ɗaya. Da na gama sai in goge da guntun burodi, in zuba ruwan sanyi tun bai bushe ba. Ruwan zafi ƙara manne ƙwai yake yi a jikin ƙarfe.

Ba zan yi ƙarya ba, a mako na biyar ko ƙamshinsa ba na son ji. Ƙwai ba tuwo ba ne, ba zai maye miyar kuka ba. Na riƙa jefa ganyen zogale ko lawashi a cikin waina don baki ya canza, wani lokacin in tafi gidan yayata in yi zaune har a sauke tukunya, ba kunya. Masu dafa shi a butar lantarki kuwa, na gwada sau ɗaya ya fashe a ciki, shayina ya yi mako yana ƙarni. Ban ba kowa wannan shawarar ba.

Kwana 53 ta yi. Ranar da ta dawo da jaririyarmu, da ƙanwarta 'yar rakiya, na ce kowa ya zauna, yau ni ne da girki. Na yi wainar taliya, na juya da faranti ba tare da ko ɗigo ya zube ba, na kawo. Ta gutsura, ta tauna a hankali, ta dube ni.

"Abban Nana, wa ya koya maka?"

"Makaranta na shiga."

"Ta yi daɗi. Gishiri ne dai ya ɗan yi yawa, ka manta Maggi ma gishiri ne." Ta miƙe ta leƙa madafa, sai na ji shiru. Can ta fito riƙe da kaskon da aka yi mata na gara, wanda ba ya kamu, duk tsakiyarsa ya yi zane-zane.

"Wannan kuma da wane cokali aka yi ta ƙwarzanarsa?"

Na ɗauki jaririya na ce bari in kai ta ta gaida Baba mai shayi.