Kafin ka kira tifa, jira ruwan Agusta

Ɗan ƙanena ya sayi fili a bayan garin Katsina, irin mai gangaren nan da ke zubewa cikin kwari. Ranar Juma'a ya zo yana nuna mini hoton gida a waya, gilashi tun daga ƙasa har sama. Wai "Baba, tifa kawai za a kira a cike wurin." Gabana ya faɗi, don da bakina na taɓa faɗin haka.

Nawa filin ma haka yake. Tsohon maginin da na ɗauko ya zagaya shi, ya ce: "Alhaji, a bi ƙasa yadda Allah ya yi ta, a yi ginin hawa-hawa, ɗakunan kwana su jingina da tudu, za su yi sanyi." Na ce ni ba gidan ƙauye nake so ba. Na zuba jan ƙasa, ko damina ɗaya ban bari cikon ya sha ya zauna ba, na sa aka haƙa fandisho a kai. To, ku ma ku yi mini adalci: mai gidan haya ya ba ni notis, uwargida da tsohon ciki, siminti kullum ƙara kuɗi yake. Wa zai tsaya? Amma falon da na juya yamma don masu wucewa a titi su gani, wannan kam ba siminti ya sa ni ba, son a sani ne.

Damina ta biyu katangar gefen kwari ta tsage, har hannuna yana shiga. A watan Afrilu kuwa, lokacin da zafi ke haura digiri 40, daga la'asar rana ta cika falon, kwano ga shi gajere, bulo ya riƙe zafi har tsakar dare. Muna da gida sabo, muna kwana a tsakar gida kan tabarma. Kuɗin da na ƙona a man janareta da ya gina wani ɗakin. Soron kakanmu na tubali da azara ko fanka bai sani ba.

Na so in jero maka shawara goma, yaro, amma ba ji kuke ba, idonku na kan waya. Je ka tsaya a filin ranar da ake ruwa a Agusta, ka ga ta inda yake bi, ka fara gina masa lambatu kafin ɗakinka. Tagogi su kalli kudu da arewa, bangon yamma ka bar shi kurum, ka dasa bedi nesa kaɗan da fandisho. Ka ɗaga rufi. Sola daga baya, gida mai zafi batir ɗin duniya ba ya isarsa.

Kada ka yi gaggawa. Kada kuma ka zauna jira, siminti ba zai jira ka ba. Yadda za ka haɗa biyun, kai ka sani.

Jiya na bi ta wurin, na tarar tifa ta riga ta sauke lodi uku.