Asabar: ni da Gwaggo da zabiyar Turawa

Kasuwar Ridley Road ta nan Landan yau ba masaka tsinke. Gwaggo ta nace sai ta bi ni, wai ta gaji da zaman ɗaka kamar mai takaba. Duk abin da ta taya sai ta juya kuɗin zuwa naira a ranta ta yi salati. Ta nemi ragi wajen mai doya da Hausa, don ta huce haushi kawai, ashe mutumin ɗan Kumasi ne, ya mayar mata da Hausarsa ta zango. Dariya har da riƙe ciki. Bai rage ko sisi ba.

Bas ya ƙi zuwa, muka taka ta Graham Road da ledojinmu. A gida mai lamba 55 ta ja ta tsaya.

"Ke, wannan shuɗin farantin da aka manna a bango fa?"

Na ce alama ce ta cewa wani sananne ya taɓa zama a gidan. Na karanta mata: Marie Lloyd, 1870 zuwa 1922.

"Malama ce ko likita?"

"Mawaƙiya ce, Gwaggo. 'Yar wasa."

"Au, zabiya." Ta taɓe baki. "Zabiya ake manna wa faranti? Allah ya kyauta."

Kun san ni da Marie Lloyd ba yau muka haɗu ba. Duk Alhamis ɗin da mai piyano ya zo gidan kula da tsofaffin da nake aiki, waƙoƙinta ne ke tada tsofaffinmu daga gyangyaɗi. Doris, wadda ba ta ƙara gane ɗanta in ya zo, ba ta kuskure baiti ɗaya a waƙar nan ta matar da suka tsere da kayansu don sun kasa biyan haya, mijin ya yi gaba da motar kaya, ita ta biyo baya da kejin tsuntsu har ta ɓata a hanya. Waƙar talauci ce tsantsa, amma da shewa ake yin ta. Doris ce ta sa na fara bin tarihin matar, shi ya sa yau na ji maganar Gwaggo ta sosa min rai fiye da yadda ya kamata.

Sai na hau ba ta labari a tashar bas, ba tare da ta tambaya ba. Sunanta na yanka Matilda Wood, 'yar Hoxton, nan kusa, lokacin unguwar ta talakawa ce futuk. Ita ce babba cikin 'ya'ya tara. Ubanta yana haɗa furannin ado na sayarwa, yana kuma sabis a wata mashaya mai suna Eagle. A 1885, tana 'yar shekara 15, ta riga ta hau dandamali da sunan da duniya ta san ta da shi. Gidajen wasan lokacin ba na masu kwat da wando ba ne: leburori, 'yan dako, 'yan aikin gida, hayaƙin taba ya turnuƙe, waɗanda ke can sama a kujerun arha in ba ka burge su ba sai ihu da jifa. A dare ɗaya mawaƙi kan zaga gida uku ko huɗu a keken doki. Ita ta iya da su. Tana 'yar ashirin da kaɗan aka ɗauke ta wasan Kirsimeti na babban gidan wasan Drury Lane shekara uku a jere, daga 1891, tare da shahararren ɗan barkwanci Dan Leno, tana karɓar fam ɗari a mako a zamanin da magidanci ke riƙe iyali da fam ɗaya ko biyu.

"To me take faɗa a waƙar da ake ba ta wannan kuɗi?"

Nan na ɗan yi in-ina. Gaskiyar magana, batsa ce a lulluɓe. In ka karanta baitocin a takarda ba ka ganin komai. A kashe ido da ɗaga gira da ɗan jinkirin da take yi kafin kalma abin yake. Ana ba da labarin cewa masu sa ido kan tarbiyya sun taɓa kiran ta, ta rera musu waƙoƙinta fuska a ɗaure, ba su sami abin kamawa ba, sannan ta ɗauko wata waƙar manya da ake yi a falon masu kuɗi ta rera da irin nata salon har suka rasa inda za su sa idonsu.

Gwaggo ta ce, "Ba na faɗa miki ba?" Amma na ga tana danne murmushi.

A gida, ina feraye doya tana gyaran kifi, ita da kanta ta dawo da zancen. "Ta yi aure kuwa?"

Sau uku. Na farko tana da shekara 17, da wani Percy Courtenay, ɗan caca mai saurin hannu. Da shi ta haifi 'yarta ɗaya. Na biyu Alec Hurley, mawaƙi irinta, shi ne mai dama-dama a cikinsu, ita ta bar shi. Ta bar shi ne saboda Bernard Dillon, mahayin dokin sukuwa ɗan Ayaland da ya ci gasar Derby a 1910, wanda ta girme wa da shekara 18. Da suka je Amurka a 1913, jami'an shige da fice suka tsare su a tsibirin Ellis don sun zo a matsayin miji da mata alhali ba aure tsakaninsu, jaridu suka samu abin yi. Sun yi auren a Portland a 1914. Daga baya giya ta cinye shi, ya riƙa dukan ta har magana ta kai kotu, ita ma ta koma wa kwalba.

Gwaggo ba ta ce komai ba a kan wannan. Ta dai ƙara ƙarfin ɓare kifin.

Abin da na fi so a labarinta shi ne yajin aikin 1907, kuma shi na fi jan zance a kai. Masu gidajen wasa suna ƙara wa 'yan wasa wasannin rana ba ƙarin kuɗi, suna kuma ɗaure su da yarjejeniyar da ta hana su yin wasa a wani gida na kusa. Ita babu abin da ya shafe ta, farashin da ta yanka shi ake biya. Duk da haka ta fito ta tsaya a ƙofar gidajen wasa tare da masu yajin, ta zuba kuɗinta a asusunsu, ta ce don ƙanana take yi, masu samun sule talatin zuwa fam uku a mako. Masu gidajen ba su manta ba. A 1912 da aka shirya gagarumin wasa a gaban Sarki George na Biyar a Palace Theatre, aka gayyato kowa ban da ita, wadda ake kira sarauniyar sana'ar. Wasu sun ce salon waƙarta ne, wasu rayuwar aurenta, wasu yajin. A daren ta yi nata wasan a London Pavilion, tafiyar 'yan mintuna daga can, da sanarwar cewa ita umarnin jama'ar Birtaniya take bi.

"Wannan ta yi," in ji Gwaggo. "Tana da zuciya."

Da na tsaya a nan da mun ci abinci lafiya.

Oktoban 1922, a Edmonton ɗin nan da muke zuwa gidan su Maman Fati. Ba ta da lafiya, likita ya hana ta, ta hau. Waƙar da take yi ta wata tsohuwa ce da ta sha ta bugu, tana kwatanta kanta da kangon gini, dama da tangaɗi ake yin ta. Ta fara tangaɗi na gaske. Mutane suka yi ta dariya, suna ganin yau ta fi kullum iyawa. Ta faɗi. Bayan kwana uku, ranar 7 ga wata, ta rasu a gidanta na Golders Green tana da shekara 52. Sama da mutum 50,000 suka fito ranar da aka kai ta maƙabartar Hampstead.

Gwaggo ta ajiye wuƙa. "Su waɗanda suka yi dariyar, suna cikin masu rakiyar?"

Na ce wataƙila.

"To da wane ido?"

Abban Husna, da ya shigo neman ruwa, ya ce ai ba laifinsu ba ne Gwaggo, kuɗi suka biya don su yi dariya, kuma shekara talatin da bakwai tana koya musu cewa in ta yi tangaɗi wasa ne. Gwaggo ta ce ba ta ce laifinsu ba ne, tambaya ta yi. Ya ɗauki ruwansa ya fice.

Tun daga lokacin tambayar ta ƙi barina. Abban Husna yana da gaskiya, kuma gaskiyar tasa ce ta fi damuna. Duka, bashin haya, miji mashayi, tsufa, duk ta kwashe ta mai da su abin shewa, don mutanen da ke can sama su ji ana faɗin nasu ba tare da an tausaya musu ba, su kuwa tausayi ne abin da suka fi tsana. Ta ƙware har ta kai ba sauran wata alama da za ta yi a gane da gaske take. Na yi ta juya abin ina wanke-wanke. A wurin aiki akwai masu irin wannan hali, waɗanda in ka tambaye su jiki sai su ba ka barkwanci, ka fita kana dariya, sai ka buɗe fayil ka ga abin da dare ya yi da su. Doris na cikinsu.

Doyar ta yi daɗi, ta ɗan Kumasi. Husna ta ƙi cin kifin. Injin wanki ya sake wannan ƙarar.

Wajen sha ɗaya, na zaci kowa ya kwanta, Gwaggo ta leƙo ɗaki da carbi a hannu.

"Ke, 'yar tata fa? Wa ya riƙe ta?"

Na ce lokacin ai ta girma, ta haura talatin, kuma ita ma waƙa take yi, da sunan uwar, ta ci gaba da rera waƙoƙin uwar shekaru bayan rasuwarta.

"Har da ta tangaɗin?"

Na ce Gwaggo dare ya yi. Ta ce in tambayo mata Doris ranar Alhamis, kuma in tashe ta da wuri, gobe sunan gidan Maman Fati ne, ba ta goge mayafinta ba.