Kwana goma sha biyu a Dakota ta Kudu da bindigar dattijon gona

Mako guda ke nan da dawowata Kano, amma har yanzu idan na kwanta ina jin iskar filin nan a kunnena. Ƙanena da ke aikin jinya a birnin Rapid City, a jihar Dakota ta Kudu ta Amurka, shi ya matsa mini in je. A filin jirgin da muka fara sauka a Amurka wani jami'i ya riƙe fasfona kusan awa guda, yana maimaita tambaya ɗaya sau uku, ko kallon fuskata bai yi ba. Na haɗiye kawai. Da na isa, ƙanena ya ce, "Yaya, ka manta da shi, gobe zan kai ka wurin mutanen kirki."

Mutumin kirkin wani dattijo ne Bature, makiyayi, da ƙanena ya taɓa jinyar matarsa. Gonarsa tana gabas da birnin, wajen garin Wall, tafiyar kamar kilomita 90. Da ya ji mu Musulmi ne, sai ya sa aka ware mana tukunya daban, ya kuma nuna mana ɗakin da za mu yi salla tun ba mu tambaya ba. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a can sai wajen takwas da rabi na dare, hira kuwa ta yi ta tafiya har muka kai kan abin da ke damunsa.

Wata 'yar dabba ce, 'yar uwar kuregenmu. Turawa suna kiranta karen fili saboda kukanta kamar haushi. Ramuka suke tonawa dubbai a wuri ɗaya, su aske ciyawar da shanu za su ci, har fili ya koma kamar an share. Dattijon ya ce idan bai rage su ba, shi za su rage. Matsalar ita ce dabbar ba ta fi tsawon kwalbar lemo ba idan ta miƙe tsaye, kuma ba ta bari a matso. Sai daga yadi ɗari biyu ko uku ake harbinta.

Ya ɗauko mini bindigar. Remington 700 ce, irin da aka fara ƙerawa a 1962, mai cin harsashin .22-250. Ni mai sakata nake ce mata, domin bayan kowane harbi sai ka ɗaga wani hannu ka ja baya, kwanso ya fita, ka tura ka kulle, daidai yadda ake sakatar ƙofa. Ya ce ta fara yi masa gardama: harsashi biyar a yadi ɗari, sai su warwatse faɗin inci biyu. A gida kawuna maharbi da bindigarsa ta toka, idan ya sami fakara daga taku talatin an gama magana. Nan kuwa inci biyu abin kai ƙara wurin maƙeri ne.

Ranar da muka je wurin maƙerin ita ce ranar da ta fi tsaya mini a rai. Na zaci zan ga zugazugi da uwar maƙera. Ɗaki ne fes, da injin sassaƙar ƙarfe da ma'aunai masu kama da na agogo. Bai taɓa ko sukurori ba sai da ya ciro takardar dala ɗaya daga aljihu, ya zura ta tsakanin bututun da ƙotar katako, ya ja ta baya. Ta maƙale a tsakiya. Ya ɗaga kai ya ce ga ciwon nan. Ƙanena ya yi mini bayani cewa duk harbi bututun yakan yi 'yar rawa, kuma idan katako na taɓa shi, to rawar yau daban ta gobe daban, domin katako yana kumbura da laima, yana motsawa da zafi. Magani shi ne a kankare cikin ƙotar har bututun ya zauna a iska, babu abin da ke taɓa shi daga gindi zuwa baki. Shi kuma jikin bindigar, inda sakatar ke gudu, sai a zuba masa wani gam mai tauri a ƙarƙashi, a dasa 'yan ginshiƙan alminiyam inda sukurori ke shiga, ya zauna daram kamar an haife shi a wurin.

Sai kunama. Ya rataya mata ma'auni, ta nuna laba biyar kafin ta saki. Ya ce mai jan laba biyar, hannunsa zai karkata bindiga kafin harsashi ya fita. Aka sa sabuwa ta kamfanin Timney, aka daidaita ta wajen laba biyu. Ya leƙa cikin bututun da wani siririn madubi, ya ce makogwaron, wato farkon bututun inda harsashi ke shiga, ya fara cinyewa amma zai ƙara shekara biyu. Irin wannan harsashin yana fita da gudun da ya haura kilomita ɗaya a daƙiƙa, wutar da ke tura shi kuwa ita ke cin ƙarfe. Bakin bututun kawai ya sake gyarawa. Abin da ya burge ni ke nan: da ya ce a sayi sabo, dattijon zai biya, amma bai ce ba. Kuma ba a yi ciniki ba. Ya faɗi kuɗi, aka rubuta. Na buga lissafin madubin hange na kamfanin Leupold da aka ɗora da naira, sai na ga kuɗin babur ne sabo fil, har da canji. A ganina tsadar ta yi yawa a kan kurege, na kuma faɗa wa dattijon haka. Ya yi dariya ya ce in lissafa ciyawar saniya ɗari.

Bayan kwana shida muka karɓo ta. Dokarsu ba ta yarda baƙo mai bizar ziyara ya riƙe bindiga ba sai yana da lasisin farauta, don haka ƙanena ya yanka mini tun da wuri. Dattijon ya kafa takarda a yadi ɗari, ya kwanta, ya harba biyar yana hutawa tsakani don kada bututu ya yi zafi. Da muka je dubawa, babban yatsana ya rufe ramukan duka. Ni ma na gwada a takarda. Kunamar ta saki tun ban ankara ba, ya ce haka ake so.

A filin kuwa iska ce sarki. Ya riƙa kallon yadda ciyawa ke kwanciya kafin ya yi saiti, wani lokaci ya auna gefen dabbar da taƙi guda, iska ta kai masa harsashin. Gwaninta ce ta gaske. Amma raina bai kwanta ba. Maharban can ba sa ɗaukar abin da suka harbe, ba sa ci, ba sa ma taɓawa, domin ƙumar jikinsu tana ɗauke da annoba. Ni da na taso inda ko gafiya aka kama sai ta shiga tukunyar wani, ganin an bar su ga shaho ya yi mini nauyi. Na ce masa ni takarda ta ishe ni. Bai ji haushi ba. Ya ma ƙara da cewa ya daina amfani da harsashin dalma saboda gaggafa da ke cin mushen, kuma kudu da gonarsa, a kwarin Conata, akwai inda aka hana harbin gaba ɗaya, saboda wata dabba mai baƙaƙen ƙafafu mai kama da tunku wadda kusan duk abincinta su ne. An ɗauka ta ƙare a duniya sai a 1981 aka sake ganinta a jihar Wyoming.

Sauran kwanakin sun wuce da sauri. Mun tsaya a kantin Wall Drug, inda har yau kofi santi biyar ne, ruwan ƙanƙara kyauta. Mun ratsa duwatsun Badlands, mun ga fuskokin shugabanni huɗu a dutsen Rushmore, kuɗin ajiye mota ya ba ni haushi. Dattijon ya ba ni kwanso guda tsaraba, ƙanena ya ce, "Yaya, kada ka kuskura ka sa shi a jaka." Takardar kawai na taho da ita. Jiya na kai wa Kawu, ya daɗe yana shafa ramukan da yatsa, sannan ya aiki yaro ya ɗauko masa tasa bindigar, ya ce in nuna masa inda aka zura dalar.