Ni da Yaron Cikin Waya, Wata Talata a Dawanau

Talata, ƙarfe goma da rabi na dare.

Yau sanyi ya sauko da gaske. Da na fito da safe hazo ya rufe titin Katsina, har mai adaidaita sahun da ya ɗauke ni daga Kurna sai da ya kunna fitila. Kaka ce, riɗi da zoɓo na ta kwararowa Dawanau, don haka kafin ƙarfe takwas na tarar da motoci uku a ƙofar sitonmu, 'yan dako sun naɗe fuska da ƙyalle suna ta sauke kaya. Na gaida Baba Akawu, na haye sama ofis. Babu wuta, amma batirin sola ya kwana da caji, Alhamdu lillahi.

Wata huɗu ke nan ina aiki da ChatGPT a ofis, manhajar nan da ake rubuta wa tambaya ko aiki ta ba da amsa kamar mutum. Baba ya raɗa masa suna "yaronka na cikin waya". Alhaji maigidanmu kuwa "na'urar nan" yake ce masa, kamar wani injin markaɗe. Tun ƙarshen 2022 da kamfanin OpenAI ya fito da shi nake jin labarinsa, ban kula ba, na ɗauka kayan 'yan jami'a ne masu neman a rubuta musu aikin gida. Sai da kamfanin Meta suka cusa nasu a cikin WhatsApp a 2024, ya zama kullum ina ganin da'irar nan a kan allon wayata, sannan na fara taɓawa don wasa. Daga wasa aka koma gaske.

Aikin farko yau wasiƙa ce zuwa ga wani mai saye a Turkiyya. Ya yi ƙorafi cewa kayan da aka tura masa a baya da ɗan danshi da datti, kuma yana son a rage masa farashi a na gaba. Alhaji ya tsaya a bakin ƙofa da carbi a hannu ya zayyano min amsa: a ba shi haƙuri, a gaya masa bana sau biyu muke tankaɗe kayan, amma maganar ragi babu ita. A da, irin wannan wasiƙa takan cinye min safiya. In rubuta, in goge, in tura wa abokina da ya karanta Turanci a BUK ya duba, in zauna jiran ya fito daga aji. Yau na zuba wa yaron maganar da guntun Turancina, na ce ya mayar da ita ta 'yan kasuwa, da ladabi amma kada ta nuna muna roƙo. Kafin shayina ya huce ta fito. Na cire wata jimla da ya ƙara ta alkawarin cewa hakan "ba zai sake faruwa ba har abada", domin Alhaji bai faɗi haka ba, kuma duk wanda ya san riɗi ba ya rantsuwa a kan danshi. Minti goma sha biyar, an gama.

Daga nan na koma kan Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta. Na daɗe ina son tebur ɗin da zai riƙa cire nauyin buhu da na datti da kansa, ya fitar da abin da za a biya kowane dillali. Na yi masa bayani kamar yadda zan yi wa ƙanina, ya ba ni dabarar, na gwada da lissafin makon jiya, ta yi daidai har kwabo. Gaskiya a nan na ji daɗi. Abin da na shekara biyu ina yi da kalkuleta layi-layi.

To, a nan ne kuma na yi wauta. Ƙarfe sha ɗaya na gama duk abin da na saba kaiwa azahar ina yi, sai na miƙe ƙafa, na sayi gyaɗa, na buɗe Facebook. Alhaji ya leƙo.

"Malam, har ka gama?"

"Na gama, Alhaji."

"Madalla. Tunda na'urar nan ta sauƙaƙa, ga littafin Baba, a shigar da kayan makon nan gaba ɗaya. Sannan a fitar min da sunayen waɗanda muke bi bashi. Kafin la'asar."

Wannan aikin ranar Asabar ne. Ban ce uffan ba, na karɓi littafin da hannu biyu. Ina saukowa na ga Baba yana murmushi ƙasa-ƙasa, ya ce, "Ɗan nan, jakin da ya fiye sauri shi ake ƙara wa mangala." Ban san ko karin magana ce ta asali ko a nan take ya ƙera ta ba, amma ta zauna daram.

Littafin Baba abin kallo ne. Shekara kusan talatin yana riƙe da lissafin Alhaji, tun suna rumfa ɗaya. Rubutunsa rabi boko rabi ajami, ga wasu alamomi da shi kaɗai ya san fassararsu: ɗigo biyu na nufin an biya rabi, layi a ƙarƙashin suna na nufin mutumin sai an bi shi a hankali. Don in yi sauri, sai na ɗauki hoton shafukan na ba yaron na ce ya kwashe alƙaluman ya jera min a tebur. Ya jera su tsaf, gwanin kyau. Kyan nan shi ya ruɗe ni, ban bi layi-layi na duba ba. Na buga, na kai wa Baba ya sa hannu.

Ya ɗora tabarau, ya bi da yatsa, ya tsaya a motar da ta zo daga Maigatari ranar Lahadi.

"Wannan fa? Buhu 110?"

"Haka yake a littafi, Baba."

"Wane littafin? Ni na biya 'yan dako kuɗin buhu 170 da hannuna. Motar har tana rinjaya da ta shigo."

Na koma na duba. Bakwai ɗin Baba ba ta da ƙugiya sosai, kamar ɗaya take, shi kuwa yaron ya karanta ta ɗaya, bai ko ce min yana shakka ba. Buhu 60 na riɗi. Da an biya dillalin a kan 110, kuɗin da za a tauye masa ya fi albashina na shekara nesa ba kusa ba, kuma sunan Alhaji ne zai ɓaci a Maigatari, ba sunan waya ba. Gumi ya karyo min duk da sanyin nan. Na koma na bi kowane layi da ido, na sake samun guda biyu irinsa, ƙanana. Binciken ya ci min sa'a ɗaya da rabi, kusan abin da zan ɓata da tun farko da hannu na shigar.

Abin da ya fi ba ni haushi, da na rubuta masa cewa ya yi kuskure, nan take ya ba ni haƙuri, ya gyara, ya ce na yi gaskiya. Haka zai ce ko da ni ne na yi kuskuren. Yaron shago in ya ɓata lissafi ka ga ya sunkuyar da kai, gobe ya kiyaye. Wannan ba ya jin kunya, kuma muryar da yake faɗin daidai da ita yake faɗin kuskure. Na tuna labarin lauyoyin nan na New York da kotu ta ci tarar dala 5,000 a 2023 saboda sun miƙa mata shari'o'in da ChatGPT ya ƙaga, babu su a duniya. Lokacin dariya na yi musu.

Bayan azahar muna cin shinkafa da wake a gindin sito, na ba Baba labarin wani bincike da abokin nan nawa ya taɓa turo min. Wasu masana tattalin arziki a Amurka ne suka bi ma'aikata sama da 5,000 masu amsa koke-koken kwastomomi, bayan an ba su irin wannan mataimaki. A dunƙule aikinsu ya ƙaru da kashi 14 cikin ɗari, amma sababbin shiga ne suka kwashi garaɓasar, kusan kashi 34, tsofaffin hannu kuwa da kyar aka ga bambanci. Baba ya tauna, ya ce, "To ai ka ga. Kai ne yake wa amfani. Ni me zai gaya min a kan riɗi?" Ya faɗa da raha, amma na lura tun da aka fara maganar na'urar nan yake yawan tambayata ko Alhaji ya ce wani abu a kansa. Bai ce ba. In ma zai ce, abin da ya faru yau ya isa amsa, sai dai ba zan iya kai labarin ba tare da na tona kaina ba. Na yi shiru, Baba ma ya rufa min asiri.

Na ƙarshe shi ne maganar bashi. Cikin jerin akwai wani dattijo da ya karɓi kuɗin kaya tun watanni biyar, har yau shiru. Alhaji ya ce a rubuta masa saƙo da Hausa. Na sa yaron ya rubuta, bayan na cire suna da lambar asusu, domin ban yarda in riƙa zuba sirrin mutane a wurin da ban san inda yake zuwa ba. Hausar da ya kawo ba za a ce kuskure ce ba, amma irin ta sanarwar filin jirgi ce. Gaisuwa layi ɗaya, sai adadi, sai wa'adin kwana bakwai. Na karanta wa Alhaji. Ya kalle ni ta saman tabarau.

"Wannan wasiƙa ce ko sammaci? Mutumin nan shi ya riƙe min kaya shekarar da na karye. Share."

Ya ɗauki wayarsa ya kira shi a gabana. Ina wuni, ina gajiya, ya iyali, ya jikin Hajiya, an gama girbi, ya ruwan bana ya yi muku. Na duba agogo, minti tara ana gaisuwa. Can a ƙarshe ya ce, "To Alhaji, maganarmu dai tana nan ko?" Aka ce masa in Allah ya yarda Juma'a. Ya kashe waya ya ce in rubuta Juma'a a gaban sunan. Na rubuta. Na kuma ja layi a ƙarƙashi irin na Baba.

Ban baro kasuwa ba sai bayan magariba, kamar kullum. A hanya nake lissafi: yau na yi aikin kwana biyu, na tashi lokacin da na saba tashi, albashi yana nan inda yake, datar ma daga aljihuna take fita, ga shi tun 2025 da aka ƙara kuɗinta ba ta auki. Na yi niyyar gobe in na gama da wuri in bar Excel a buɗe, in riƙa ɗan motsa linzamin kwamfuta. Na kuma yi niyyar in yi wa Alhaji maganar kuɗin data, sai dai na san wacce a ciki zan fi iya cikawa.

Maman yara ta ajiye min tuwo, na ci, na yi sallah, na zauna rubuta wannan. Yanzun nan saƙo ya shigo daga Alhaji, na karanta shi ta saman allo ban buɗe ba don kada ya ga alamar shuɗi. Wai in haɗa masa kwatancen farashin zoɓo na wata ukun nan kafin ya fito da safe, ai ba zai ɗauke ni minti biyar ba. Alƙaluman suna cikin littafin Baba, littafin kuma yana cikin durowa a Dawanau, makullin yana aljihun Baba.