Gidan da ba a cewa kar ka taɓa

Asabar, bayan isha'i. Ƙafafuna zugi suke yi, amma in na kwanta ban rubuta ba, kafin gobe rabin abin ya zube.

Tun da na sauka Oakland ta Amurka ɗiyar ƙanwata take yi mini naci. "Kawu, kai da kake koyar da kimiyya, wallahi sai ka ga wurin nan." Shekararta 11. Yau dai muka hau jirgin ƙasa na BART, ya ratsa da mu ta ƙarƙashin ruwa zuwa San Faransisko, muka sauka a Embarcadero, muka taka bakin teku har Pier 15. Sunan wurin Exploratorium, gidan nunin kimiyya ne. Kuɗin shiga ba kaɗan ba ne, kuma abin ya tsaya mini a rai, don na san akwai iyayen da zai mayar gida daga bakin ƙofa.

Da hannuna a baya na shiga, yadda aka saba da mu a irin waɗannan wurare. Yarinyar ta kamo hannun ta ce, "Kawu, nan taɓawa ake yi." Haka ne kuwa. Kayan gwaji sun fi 600, ba gilashin da ya raba ka da su, ba mai gadi da ke zare ido. Ko'ina ƙara, yara na juya wannan, tsofaffi na leƙa wancan.

Inda na fi daɗewa wani farin bango ne da aka haska da fitilu uku, ja da kore da shuɗi. Haɗuwarsu ta ba da farin haske. Da na tsaya a gaba sai ga inuwata ta rabu uku, kowace da launinta, ɗaya rawaya shar. Na san dalili: inda jikina ya tare shuɗin fitila, ja da kore ne kaɗai suka isa bangon, su kuwa in sun haɗu rawaya suke bayarwa. Shekara 14 ina koyar da wannan da farin alli a baƙin allo, yara na haddacewa suna cin jarrabawa. Yau na fara ganinsa da idona. Na ɗaga hannu, na sauke, na sake ɗagawa. Ɗiyata ta tambaye ni ko lafiya, na ce mata lafiya lau.

A cikin zauren akwai ɗakin ƙira a buɗe, kana kallon ma'aikata suna yanka katako, suna goge ƙarfe, suna gyara abin da yara suka lalata. Da gangan aka bar shi a fili, tun zamanin wanda ya kafa gidan, Frank Oppenheimer. Ƙanin Robert Oppenheimer ne, wanda ake kira uban bam ɗin nukiliya, shi ma Frank ɗin masanin kimiyya ne, kuma ya yi aikin ƙera bam ɗin nukiliya lokacin yaƙin duniya na biyu. A 1949 aka titsiye shi gaban kwamitin majalisar Amurka kan cewa ya taɓa shiga jam'iyyar kwaminis. Ya amsa nasa, ya ƙi ambatar sunan kowa. Aikinsa na jami'ar Minesota ya tafi, ƙofofin bincike suka rufe. Sai ya koma Kolorado yana kiwon shanu kusan shekara 10, har ya samu koyarwa a makarantar sakandaren wani ƙaramin gari, Pagosa Springs. Can ya riƙa kai ɗalibai jujin tsofaffin motoci suna kwance kaya don su ga yadda suke aiki. A 1965 ya zaga gidajen kimiyya na Turai, ya dawo da niyyar yin nasa. A 1969 ya buɗe shi a wani tsohon gini mai suna Palace of Fine Arts, ya riƙe shi har rasuwarsa a 1985. Sai a 2013 aka dawo da shi nan bakin ruwa.

Mutumin da ya ga abin da ilimi ke yi in ya zama sirrin 'yan tsiraru, shi ne ya ƙare rayuwarsa yana miƙa shi ga duk wanda ya shigo. Yakan ce ba wanda ya taɓa faɗuwa jarrabawa a gidan nuni. Ni malami ne, maganar ta taɓa ni.

Bayan mun yi azahar a wani lungu, muka tarar da taro a gaban tebur. Wata budurwa sanye da falmaran ruwan lemo tana feɗe idon saniya. 'Yar sakandare ce. Tun farkon gidan ake ɗaukar matasa irinta aiki, a biya su, su riƙa yi wa baƙi bayani. Ta yanka idon da nutsuwa, ta zaro ƙwayar tabaron da ke ciki, ta ɗora a kan rubutu, haruffa suka ƙara girma. Ta nuna mana wani shimfiɗi mai ƙyalli a bayan idon, wanda ke sa idon dabba walƙiya in an haska shi da dare. Wani yaro ya jefo tambayar da ta fi ƙarfinta, ta ce masa su duba tare. Ba ta ji kunya ba, shi ma bai raina ta ba.

Nan zuciyata ta koma gida. Makarantar da na yi tana da ɗakin gwaji, kullum da kwaɗo. Sau biyu na shiga cikin shekara uku, an jera mu jikin bango, malam ya ɗaga kwalba ya faɗi sunanta. Ban ga laifinsa sosai ba, in abu ya fashe shi za a tuhuma. Amma mu ɗin nan da aka hana taɓa kwalba, mu ne da yamma muke ƙera motar kara mai tayoyi da ƙyauren da ke buɗewa, muna yanka gwangwanin madara, muna haɗa tsohon batir da ƙwan tocila. Ba wanda ya taɓa ce mana wannan ma kimiyya ce. Ni ma da na zama malami ban faɗa wa ɗalibaina ba, kuma yau abin ya dame ni ƙwarai.

A hanyar dawowa ɗiyata ta yi barci a kafaɗata, ni kuwa ina ta lissafi. Tocila uku da ledar ja da kore da shuɗi ba za su gagare ni ba. Farin bango akwai shi a ajinmu, sai dai a toshe tagogi da tabarma. Ido kuwa, kowace safiya mahauta na da shi a kasuwarmu, balle da Babbar Sallah.

Ɗazu na aika wa mahaucin unguwarmu saƙon murya, na ce in na dawo ya riƙa ajiye mini idon saniya guda shida duk ranar Talata. Ya amsa yana tambaya ko magani zan haɗa. Na ce masa a'a, yara zan nuna wa, kuma in yana da hali ya zo da wuƙarsa, don ya fi ni iya yanka.