Daga Zariya zuwa Agbarha-Otor, garin Bruce Onobrakpeya

Mun bar Zariya da asuba, hazon hunturu ya sa fitilun mota ba sa cin nisa. Da gangan na faro daga nan. A kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 ne Bruce Onobrakpeya, fitaccen mai zanen Najeriya, ya koyi zane, kuma a nan ne shi da su Uche Okeke, Demas Nwoko da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar ɗalibai masu zane a 1958. Tafiyar kwana biyu ce ga wanda ba ya son hanyar dare: Kaduna, Abuja, a haye Kogin Kwara kafin Lokoja, sai Okene, Auchi, Benin, a gangara Ughelli a jihar Delta. Daga Ughelli, Agbarha-Otor ba nisa.

Tun daga Lokoja iska take canzawa. Littafin zanen da ke jakata, wanda takardunsa suke ƙamas a Zariya, kafin Benin ya yi laushi kamar an hura masa tururi.

A Agbarha-Otor aka haifi Onobrakpeya a 1932. Ya yi shekaru yana koyarwa a Kwalejin St. Gregory da ke Legas, yana aikinsa a gefe, sannan a 1998 ya buɗe, a garinsu, taron bitar da ake kira Harmattan Workshop, wato bitar hunturu, duk da cewa ɗan Arewa zai yi dariyar abin da ake kira hunturu a can. A ganina nan ne sana'arsa ta cika, domin wuri guda ya haɗa yin aiki, koyar da shi, da adana shi a nuna wa jama'a. Ƙwararre da sabon shiga tebur ɗaya suke zama.

Wajen masu bugun zane na fi daɗewa. Sai ka san yadda ake bugu da farantin ƙarfe kafin ka gane abin da ya ɗaga sunansa. Ana goge farantin tutiya, a zuge gefunansa da magagari su kwanta, in ba haka ba kaifinsu zai yanke takarda da bargon injin. A shafe fuskarsa da kaki, a zana da allura har ƙarfen ya fito, a tsoma a ruwan asid. Ga tutiya, asid kashi 1 cikin ruwa kamar kashi 10 ya isa, kuma asid ake zubawa cikin ruwa, ba a taɓa juyawa, don yana iya fantsamowa fuska. Idan ya yi ƙarfi, sai ya ci ƙarƙashin kakin, layuka biyu su haɗe su zama rami, ramin kuwa ba ya riƙe tawada. Irin wannan ɓarnar ce ta sami Onobrakpeya a 1967, asid ya cinye masa faranti. Ya cike wurin da gam ɗin Araldite, ya buga a haka, sai ga tudu da kwari a jikin takarda. Daga nan salon da ya kira plastograph ya samo asali.

Takarda ma tana da nata rigimar. Ana jiƙa ta kamar minti 15, a tsane ta har ƙyallin ruwan ya ɓace. Ta bushe da yawa, ba za ta shiga layin ta ɗauko tawada ba. Ta jiƙe da yawa, tawadar ta ƙi kamawa, bugun ya fito dabbare-dabbare. Wanda ya yi kyau sai a danne shi tsakanin alluna na kwanaki, a rubuta lamba da fensir, misali 3/20, bugu na uku cikin ashirin.

Aikin mai tsara baje koli shi ne wanda ɗalibai suka fi rainawa, alhali nan ake kashe zane mai kyau. Tsakiyar hoto, ba samansa ba, ita ake aunawa kamar santimita 150 daga ƙasa, don manyan hotuna da ƙanana su zauna a layin ido ɗaya. Aikin takarda ba ya son hasken da ya wuce lux 50 (lux ma'aunin ƙarfin haske ne), rana kuwa kodar da shi take yi. Dole a sa kwali tsakanin takarda da gilashi, domin a wuri mai laima irin Delta gilashin yana gumi ta ciki, tawada ta manne masa. Salatif haramun ne, bayan 'yan shekaru tabo rawaya yake bari.

Bugu huɗu na taho da su, a kwance tsakanin kwali biyu, kowanne da farar takarda a fuskarsa, an naɗe duka da leda. Ban nannaɗe su ba, don nannaɗewa tana murƙushe tudun bugun. Da muka iso Zariya ban kwance ledar ba sai da na ɗan buɗe gefe guda na bar su kwana biyu, saboda takardar da ta sha laima idan ta haɗu da hunturu farat ɗaya, gefunanta ne ke fara bushewa, tsakiyar ta kumbura ta ƙi kwanciya a firam.