Bakan sarƙa da tubalin da ya ɓace: inda na kwana a mako na tara

Ƴan'uwa masu koyo, sallama. Na yi mako uku ban ba ku labari ba, kuma ba lalaci ba ne. Bakan tubalin ƙasa da na ce zan ɗaure a bayan gidanmu na Ali Ɗan Sofo ya tsaya, amma sai a karo na biyu, kuma abin da ya kayar da na farkon shi nake so mu tattauna, don kada wani ya sake faɗawa ramin.

Ga waɗanda suka shigo daga baya: a nan Maradi jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kolodo nake, amma zanen gini da lissafin na'ura ni nake koya wa kaina da dare, idan akwai kuran. Wanda yake son karatun zanen gini sosai a ƙasashenmu galibi Lome yake nufa, makarantar EAMAU. A manyan jami'o'in Turai irin ta Zurik kuwa, zanen gini da lissafin na'ura fanni ne mai zaman kansa: ba ka zana gini layi-layi, sai dai ka rubuta ƙa'idar da za ta haifi zanen, ka canza lamba ɗaya komai ya bi, sannan ka miƙa wa injin yanka ko injin ɗab'i ya fitar. Manhajojin zane irin su Rhino da Grasshopper suke amfani da su. Rhino kuɗi ne, kuma tsohuwar ordinatata ba za ta ɗauka ba, don haka na tsaya a OpenSCAD, wanda kyauta ne, kuma ba ya jan nauyi.

Abin da na sa a gaba ƙarami ne: baka mai faɗin santimita 120 da tsayin santimita 90, na tubalin ƙasa zalla, ba ƙarfe ba siminti. Siffar ta sarƙa ce. Idan ka riƙe bakin sarƙa biyu ka bar ta ta rataya, lanƙwasar da take yi ja ne kawai a cikinta. Ka juya wannan lanƙwasa sama, sai ta zama matsi kawai, kuma matsi shi ne abin da ƙasa ta iya ɗauka. Ja ne ke tsaga ta. Wani Bature ɗan Ingila, Robert Hooke, ya rubuta wannan tun 1675, kuma Gaudi, mai zanen gini na Basalona, da igiyoyi masu rataye da ƴan buhunan nauyi ya riƙa nemo siffar wasu gine-ginensa.

Lissafin bai ba ni wahala ba kamar yadda na zata. OpenSCAD ba shi da cosh, wato lissafin da ke fitar da siffar sarƙa, amma yana da exp, lissafin da ake gina cosh da shi, sai ka haɗa da kanka. Akwai lamba ɗaya da ke nuna ko sarƙar ta yi sako-sako ko ta ɗame. Na yi ta gwadawa har na samu wajen 28.5, wadda ta ba ni tsayin 90 ɗin. Tsawon lanƙwasar gaba ɗaya ya fito santimita 230 da ɗan ɗori, sai na raba shi tubali 23, kowane santimita 10. Don in tabbatar, na sayo sarƙar ɗaure akuya a babbar kasuwa, na rataye ta a bango kan ƙusa biyu, na ɗora takardar da na buga a baya. Ta hau daram. Wannan daren ban yi barci da wuri ba don murna.

Mu ba mu da injin yanka da haske, don haka “injina” shi ne firintar wani mai shagon buga takardu da kafinta na bakin titi. Ana buga zanen a takardun A4, a liƙa a kan fallen katako, kafinta ya bi layi da zarto. A nan ku kula: yaron shagon ya bar na'urar tana daidaita zane da girman shafi, sai ta rage shi ba tare da kowa ya lura ba. Yanzu duk takardar da zan buga sai na sa layi mai santimita 10 a kusurwa, in auna da rula a gabansa kafin in biya. Jikka biyu na yi asara kafin in koyi wannan.

Wata matsalar ita ce lanƙwasar sarƙa ba kamar da'ira ba ce. A sama ta fi karyewa, a ƙasa kusan miƙe take, don haka kowane tubali da irin tsukewarsa. Hagu da dama iri ɗaya ne, amma duk da haka mazubi 12 ke nan. Kafinta ya dube ni ya ce, “Ƙanena, kai ko gidan gwamna kake ginawa?” Na koma na tara su iri huɗu, sauran bambancin laka ta cike a tsakani. Na ga wannan ya fi hankali, kuma ba na jin an yi wa lissafin ha'inci.

To, sai ranar ɗauri. Na kafa katakon tallafi, na fara jerawa daga ƙafafu biyu zuwa sama. Da na zo kan tubalin tsakiya, wanda zai kulle bakan, sai ga rami kusan na tubali biyu. Na ƙirga, 23 ne cif. Na sake ƙirgawa. Cikin gaggawa na cusa laka mai yawa na toshe, bayan kwana biyu na zare katakon, bakan ya ɗan yi shiru kamar yana tunani, sannan ya durƙusa.

Akwai wani dattijo magini a layinmu, abokin marigayi kakana, wanda ya daɗe yana kallon abin da nake yi daga kan tabarmarsa bai ce uffan ba. Ran nan ya taso. Ya ɗauki tubali ɗaya ya mayar da shi cikin mazubin da aka zuba shi, ya girgiza, yana ƙwal-ƙwal. Ya ce, “Ɗana, ƙasa in ta sha iska tsukewa takai. Injin naka bai gaya maka ba?” Na ce, “Baba, ban tambaye shi ba.” Gaskiyar ke nan. A cikin na'ura tubalin santimita 10 har abada santimita 10 ne.

Washegari na yi gwajin da ya kamata in fara da shi. Na sa aka yi mini dogon akwati mai tsawon santimita 60, faɗi da zurfi 4, na shafa mai a ciki, na cika da kwaɓin da nake amfani da shi, na ajiye a inuwa mako guda. Da ya bushe na tura shi gefe ɗaya na auna giɓin: santimita 2.4. Kashi 4 cikin 100 ke nan. Ku ɗora wannan a kan 230, za ku ga santimita 9 da wani abu sun tafi, kusan tubali guda cur. Ƙasar da na ɗebo daga wajen Gulbi yumɓu ya yi mata yawa. Baba ya sa na ƙara yashi da tattakar gero, na bar kwaɓin ya kwana uku ana juyawa, tsukewar ta sauko ƙasa da rabin ta da. A cikin rubutun OpenSCAD kuma na ƙara lambobi biyu da babu su a da, tsukewa da kaurin lakar tsakani, mazuban suka ɗan ƙara girma da kansu. Wannan shi ne daɗin wannan hanya: ban sake zana komai ba, lamba na canza.

Akwai kuma wani kuskuren fahimta da ya gyara mini, wanda na ji kunyarsa fiye da faɗuwar bakan. Ni duk a zatona abin da nake yi shi ne bakan gizo irin na sorayen da, na sa masa lissafi kawai. Ashe ba dangi ɗaya ba ne. Bakan gizo da azara ake ɗaure shi. Ana dasa guntayen azarar giginya a jikin bango, kowane sahu ya ɗan leƙo gaba da na ƙasansa, a ɗaure da igiya, a rufe da ƙasa, a jira ya bushe, a ƙara wani, har hannu biyu su haɗu a sama. Itacen ne ke riƙe ja, shi ya sa ba a buƙatar katakon tallafi a ƙasa. Haka Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, kuma daga wannan gadon Falke Barmu ya fito, wanda ya fara masallacin Yama a jihar Tawa a 1962, aka ba shi kyautar zanen gini ta Aga Khan a 1986. Nawa kuwa tubali ne ke danne tubali, kuma yana tura ƙafafunsa waje, don haka sai an ba shi dogari mai nauyi a gefe biyu. Na farkon ban ba shi ba. Ko da tubalan sun cika, ina jin da ya buɗe.

Wani a cikinku ya tambaye ni ko duk wannan ba wasan yara ba ne, tunda a Italiya an riga an ɗab'a gidan ƙasa sukutum da inji a 2021, wanda ake kira Tecla. Ni dai abin da ya fi burge ni yana kusa: ginin Hikma na Dandaji, masallaci da ɗakin karatu a nan Nijar, da Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka zana, aka gama a 2018, da tubalin ƙasa matsattse da magina na wurin. Ita Mariam ɗin ma kimiyyar kwamfuta ta fara karantawa kafin ta koma zanen gini. Injin ɗab'in gida ba zai zo Maradi bana ba, amma ƙasa da magina suna nan.

Baka na biyu na ɗaure shi ranar Asabar da ta wuce, da dogari a kowace ƙafa. Tubalin tsakiya ya shiga da ɗan bugun guduma ta itace. Na jira kwana biyar kafin in sassauta tallafin, kuma a hankali na yi, ina zare ƴan katakan da na soka a ƙarƙashinsa ɗaya bayan ɗaya. Ya tsaya. Na ɗora masa jarka biyu na lita 25 cike da ruwa a tsakiya, bai motsa ba. Da na matsar da su gefe ɗaya kuwa, wata siririyar tsaga ta bayyana a tsakanin tubali na shida da na bakwai, sai na sauke da sauri. Siffar sarƙa nauyin kanta ta sani, ba ta son a danne ta ɓangare guda.

Mako mai zuwa zan ƙara kaurin bakan daga santimita 12 zuwa 16 in sake gwajin jarkar, kuma dole in yi masa rufi kafin ruwan farko ya sauka. Baba ya ce zai nuna mini yadda ake haɗa makuba da ɓawon ɗorawa, in na samo ɓawon. Wanda ya yi gwajin akwatin nan da ƙasar unguwarsu, ta Zariya ko Bagalam ko Tibiri, ya turo mini abin da ya samu, ina so in ga ko ta tudu ta fi ta Gulbi haƙuri.